Ɗan Fari Mai Ji da Ido

A zamaninmu mace ba ta kallon ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi abin dariya sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Jikokina in na faɗa musu haka sai su ƙyalƙyale da dariya, su da suke cilla jariri sama a gaban surukai suna kiransa da sunaye barkatai. To, ku yi ta dariyarku. Mu haka muka tarar, kuma ba rashin so ba ne. Kunya ce, a lokacin kuwa macen da ba ta da ita ba ta da komai.

An kawo ni Kaduna amarya daga Zariya a shekarun da Turawa suka fara shirin tattara nasu-ya-nasu. Maigidana akawu ne a ofishin gwamnati, kullum da safe sai ya tattare rigarsa ya hau keke, ba na sake ganinsa sai bayan azahar. Mun zauna a gidajen ƙananan ma'aikata, jerin ɗakuna masu rufin kwano, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa ya kewaye ƙofarsa da zana. Garin duk baƙi ne, kowa da inda ya fito. Matar da ke dama da ɗakinmu Basakkwaciya ce, babbar mace mai 'ya'ya rututu, ga baki, ga kirki. Har na tsufa a hannunta amarya take ce mini.

Da yake ni ce ba ni da ɗa, sai na zama uwar yaran gidan duka. Wadda za ta yi daka ta miƙo mini nata, wadda za ta wanka ta ajiye mini nata. Ni ce share majina, ni ce wanke tsumman fitsari, ni ce tauna musu nama in sa musu a baki. Moɗa ɗaya muke sha da su. Ina son yara, kuma kaɗaici yana damuna, saboda haka ban taɓa jin nauyin abin ba.

Ina da ciki na yi wani ɗan zazzaɓi, jikina ya mutu, maƙogwarona yana ciwo. Basakkwaciya ta dafa mini ganye na yi turare, abin ya wuce, na manta da shi. Da cikin ya tsufa aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, can na haihu. Yaron ya zo ɗan ƙarami, idonsa rawaya, ga wasu ɗige-ɗige a jikinsa kamar cizon sauro. Ungozoma ta ce shawara ce, aka yi ta ba shi jiƙo. Allah ya taimaka, kafin in gama wankan jego ya washe, ya fara kumatu. Duk wannan da wutsiyar ido na gani, domin in da mutum a ɗakin, ko nono nake ba shi fuskata tana bango.

Muka dawo Kaduna, yaro ya zama abin yabo. Ba ya firgita, ba ya farkawa don hayaniya. In damina ta sauka ruwa yana dukan kwano, aka saki tsawa, yaran gidan duk su kwashe da ihu, shi yana barcinsa. Basakkwaciya ta kan leƙo ta ce, "Amarya, wanga ɗan naki jarumi na! Ko aradu ba ta tada shi." Ni kuwa sai in taɓe baki in ce, "Oho masa," a cikina ina jin daɗi kamar me.

Kun ga wata uwar da tun yana wata nawa ta gane, don za ta kira shi daga nesa ta ga bai waiwayo ba. Ni ban taɓa kiransa ba balle in ga haka. Masu kiransa kuma suna gabansa ne, suna yi masa gwalo, yana yi musu dariya. Kowa ya ce lafiyarsa lau.

Sai wata rana da hantsi, ya fara zama da rarrafe, ina goge kwanukan jerena. Yana zaune a tabarma ya ba ni baya, yana wasa da ludayi. Hannuna ya zame, jeren ya rikito gaba ɗaya, kwalla da samira da murafensu suka tarwatse a daɓe. Ƙarar sai da ta sa akuyar gidan ta tsinke igiya. Yaron nan ko gezau. Sai da wani murfi ya gangaro ya taɓa ƙafarsa sannan ya juyo, ya ɗauka, ya yi mini murmushi. Na koma bayansa na tafa hannu. Na ɗauki tasa biyu na gwara su daidai kunnensa. Yana ta cizon murfinsa. Na zauna a tsakiyar kwanukan na yi kuka har na gode Allah.

Faɗa wa maigida ma aiki ne. Yaya mace za ta buɗe baki ta yi zancen ɗanta na fari? Sai da ya gama cin abinci na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Malam, yaron nan na gidanku, ya kamata a duba kunnensa." Ya dube ni, ya dubi yaron. Washegari ya nemi izini a ofis muka je asibiti. Likita ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya kaɗa wani ƙarfe a bayan kansa, ya girgiza kai. Ya ce kunnen a waje ba abin da ya same shi, abin daga ciki ne, kuma ba su da maganinsa. Daga nan muka shiga na gida. An ɗiga masa mai, an ba shi rubutu, an yi masa tofi. Masu kwantar da hankali suka ce nauyin baki ne, wane ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana. Ni dai na san abin da na gani.

Abin da ya taɓa kunnensa ban ji labarinsa ba sai da na tsufa. 'Yarsa ce ma, jikata, da ta zama ma'aikaciyar jinya a ɗakin haihuwa, ta zaunar da ni tana tambayata yadda aka haife shi. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta mai dogon suna na Turanci, su a wurin aiki CMV suke ce mata. Tana yawo a miyau da fitsarin ƙananan yara, babba in ya kamu sau da yawa ko sani ba ya yi, amma mai ciki tana iya ba ɗan cikinta. Na ce, to ai wannan cutar ɗaiɗai ce. Ta ce ina, Kaka, jariran da ake haifa da ita sun fi yadda mutane suke zato yawa nesa ba kusa ba, sai dai yawancinsu ba ta yi musu komai, su girma ba wanda ya sani. Kaɗan ne take taɓa wa kunne ko ƙwaƙwalwa. Ta ce ba za ta rantse ita ce ta sami babanta ba, tunda ba a gwada ba. Na tuna yaran da na tauna wa nama, da sauran jariran da aka haifa a gidan nan tare da nawa. Wataƙila da yawansu da ita suka zo duniya, ta wuce su ta tsaya a kansa. Ban ji haushin kowa ba. Da za a mayar da ni gidan, da na sake goya su.

To, mu koma. Tunda na gane ba ya ji, sai na ga ba ni da wata hanya zuwa gare shi sai ido. In maigida ya fita, matan gida sun shiga hidimarsu, sai in saki labule in zaunar da shi a cinyata muna fuskantar juna. Nan na fara ganin ɗana sosai. Ashe yana da ɗan tabo a gira, ashe in zai yi dariya hancinsa ne yake fara motsi. Muka ƙirƙiro zancenmu. In na dunƙule hannu na kai baki, ruwa ke nan. In na shafa ciki, abinci. Babansa kuwa hannu biyu ne a gaba kamar riƙon kan keke, shi ya ƙirƙiro wannan da kansa, ranar na yi dariya har da hawaye. Buta, tabarma, akuya, zafi, zo, bari, duk muka ba su alama. In yana son gaya mini abu hankalina yana wani wuri, sai ya kama kumatuna da hannu biyu ya juyo da fuskata.

Amma da na ɗaga labule shi ke nan, na koma waccan matar da ba ta san shi ba. Yakan biyo ni tsakar gida yana yi mini alama, in yi kamar ban gani ba, sai mun koma ɗaki in ba shi amsa. Basakkwaciya ta taɓa kama mu ta kafar labule. Ta ce, "Amarya, mi kuke yi haka kamar masu rabon goro?" Na ce ta rufa mini asiri. Ta rufa kuwa, duk da bakinta.

Da lokacin yaye ya matso sai saƙo ya zo daga Zariya, ta bakin wani ɗan'uwan maigida da ya zo sayen kaya Babbar Kasuwa. Inna, uwar mijina, tana nan tafe za ta ɗauki jikanta. Wannan ba abin tambaya ba ne. Ɗan fari na kaka ne, ita za ta yaye shi, kuma galibi a wurinta zai tashi. Da yaron yana ji, da ni da kaina zan ƙulla masa kaya, in yi kukana a bayan ɗaki in share ido.

Hankalina ya tashi. Gidan Inna babban gida ne, mutane fal, ƙofarsa a bakin hanya, jakuna da motocin kaya suna wucewa. Wa zai san in ya shafa ciki yunwa yake ji? Za a kira shi daga baya ya ƙi juyowa, a ce taurin kai, a zabga masa mari. Yara za su sa shi a gaba suna bebe, bebe. Shi kuma ba zai san dalilin da ya sa ya buɗe ido ya ga ba na nan ba, don ba mai iya gaya masa.

Na tambayi maigida ko ya sanar da Inna halin da ake ciki. Ya ce ya aika mata cewa yaron yana da ɗan nauyin baki. Na ce, "Nauyin baki, Malam?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "To me zan ce mata? In ce kada ta ɗauki jikanta?" Raina ya ɓaci, amma na san gaskiyarsa. Shi ma uban ɗan fari ne, irin igiyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi.

Inna ta sauka a jirgin ƙasa na safe. Doguwar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta zo da 'yar riga da 'yar hula da ta sa aka ɗinka masa, da alkaki a ƙwarya. Ta kwana biyu tana jan yaron a jiki, yana zuwa don alkakin, ya karɓa ya gudo. In ta yi masa magana sai ya zuba wa bakinta ido. Ta kan ce, "Miskili ne, kamar kakansa." Ni ina gefe ina tuƙa tuwo.

Ranar tafiya matan gida suka taru a rumfarmu yi mata sallama. Maigida yana waje yana jira da keke, an ɗaure kayan Inna a baya. Inna ta sa wa yaron sabuwar rigar da hular. Basakkwaciya tana yi masa wasa, tana cewa zai hau jirgi, za a saya masa rake, duk abin da ake faɗa wa yaro don ya yarda. Shi kuwa bin bakunan mutane kawai yake da ido. Ya ga an ƙulle tsummokinsa a ɗankwali, ya ga Inna ta miƙe tana warware zanen goyo. Sai ya zame daga hannunta ya nufo ni.

Ina durƙushe a bakin ƙofa, na juya fuskata ga bango yadda ya kamata. Ya ja mini zane, ban juyo ba. Ya yi ɗan sautin da yakan yi daga maƙogwaro, ban juyo ba. Sai na ji tafin hannunsa biyu a kumatuna, da ɗumi, da danƙon alkaki, yana ja da iya ƙarfinsa.

Na juyo. A gaban uwar mijina da matan gida duka na kalli ɗana na fari cikin ido. Ya nuna ƙullin kayan, ya buɗe tafin hannu, wato mene ne wannan. Na rasa alamar da zan yi masa, don ba mu taɓa ƙirƙirar ta rabuwa ba. Na jawo shi na rungume. Wata daga cikin matan ta ce "a'uzubillahi" a hankali.

Na ce, "Inna, ku gafarce ni. Ba nauyin baki ba ne. Ba ya ji, ko kaɗan. In kun tafi da shi ba mai gaya masa komai, shi ma ba wanda zai gaya wa." Na ce, "Ku bar mini shi."

Ban taɓa jin macen da ta roƙi a bar mata ɗanta na fari ba. Na san kafin la'asar labarin zai gama gidajen ma'aikata, kafin sati ya kai Zariya, a ce 'yar gidan wane ta zubar da kunya a Kaduna. Na jira Inna ta ce mini mara ta ido.

Ta daɗe a tsaye da zanen goyon a hannu. Sannan ta koma ta zauna a tabarma ta ce, "Ce masa ya kawo mini buta."

Na taɓa kafaɗarsa, na karkata hannu kamar mai zuba ruwa, na nuna Inna. Ya tafi da 'yar tafiyarsa ta gwale-gwale, ya rungumo butar da hannu biyu, rabin ruwan ya zube a sabuwar rigar, ya dire mata a gaba. Ya juyo yana dubana ko ya yi daidai. Na gyaɗa masa kai.

Inna ta dubi butar, ta dubi yaron. Ta ce, "Yaya ake ce masa an gode?" Na ce ba mu da wannan, murmushi kawai nake yi masa. Sai tsohuwar nan ta kama haɓarsa ta yi masa murmushi har ana ganin giɓinta.

Ta ninke zanen goyon ta ɗora a cinya. Ba ni ta kalla ba, ƙasa take kallo, ta ce, "Uban yaron nan shi ne ɗana na fari. Ban taɓa zama na dube shi ba. Amma shi yana ji. Ko ta bayan katanga na yi tari ya san ni ce, in ina faɗa da wani a kansa yana jiyowa, ya san yana da uwa." Ta nuna yaron da haɓa. "Wannan in ba ki dube shi ba, maraya ne. Kwance masa kayansa."

Basakkwaciya ta fashe da kuka, ita da ba a taɓa ganin hawayenta ba, tana cewa hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba. Inna ta ce in shafa wa nono maɗaci in yaye shi da kaina, kuma duk wanda ya yi mini gori in ce ita ta sa ni. Ta bar masa ragowar alkakin. Ta fita, maigida ya tura keken suka nufi tasha a ƙasa, yana gaba tana biye.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo na kawo masa ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Yaron yana kusa da shi yana juya fedar keke da hannu. Na tambaye shi ko sun sami jirgi, ya ce sun samu. Na ɗauka fushi yake da ni, na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Da za ta hau, sai ta ce in tsaya. Na ɗauka mantuwa ta yi. Ta ce in ɗago kaina. Ta yi ta kallona, mutane suna ture mu. Sai ta ce, ashe har ka fara furfura."

Ya kai hannu ya shafa gefen kansa, kamar shi ma yau ya fara sani. Sannan ya ajiye ruwan, ya ɗauko yaron ya zaunar a cinyarsa suna fuskantar juna, ya ce in nuna masa yadda ake cewa zo.